Tulun da Ba a Rufe wa Hanci

Sunana Isiyaku. Gidana yana Jikwoyi, aikina kuma yana Sheda, a wani ɗakin bincike na gwamnati, saboda haka kullum sai na ratsa Abuja daga wannan gefe zuwa wancan. Ni ne mai kula da tukwanen gas: in karɓa, in jera, in ɗaure da sarƙa, in tabbatar an rufe. Karatuna bai wuce firamare ba. Abin da aka san ni da shi shi ne ba na tashi daga aiki sai na bi kowane soket na kashe, na bi kowane bawul, wato marufin bututun gas, na murɗa. Sau da yawa sai na kai bakin get in juyo in sake dubawa. Ana yi mini dariya a kan haka, ni ma na san abin dariya ne, amma na kasa bari.

Wannan halin ne ya kai ni Turai. Wata jami'a a can arewacinsu ta sayi sabuwar na'ura, ta ce za ta ba mu tsohuwar kyauta bisa sharaɗi ɗaya: a turo wanda zai koyi kula da ita, kuma babban makanikinsu ya gamsu da hannunsa. In bai gamsu ba, akwai wata ƙasa da ke jira. Dakta Rifkatu, 'yar Filato, ita ce ta daɗe tana bin maganar, ita ce kuma ta zaɓe ni.

"Malam Isiyaku," in ji ta, "masu digiri in na kai su ba su dawowa. Kai kam ko an ɗaure ka sai ka dawo ka duba ko ka kashe fanka."

Ta riga ni tafiya, don haka ni kaɗai na sauka.

Zangona na farko tashar jirgin ƙasa ce da ke ƙarƙashin filin jirgin sama. Ina tsaye ina gaya wa matata, Maman Sadiya, a waya cewa na iso lafiya, sai wani mutum mai jar hula ya tsaya kusa da ni ya yi sallama da Hausa. Ya ce sunansa Danjuma, mutumin Uke ne, ya daɗe a ƙasar. Na ji daɗi ƙwarai. Ya nuna mini inda ake yankar tikiti, ya ɗaukar mini jaka ɗaya, sannan ya sunkuya ya shinshina ta.

"Ɗan'uwa, daddawa nake ji?"

Na ce e, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da kilishi.

Ya dafe kai. "Innalillahi! Aka bar ka ka fito da su? To ba ka tsira ba tukuna. A cikin jirgin nan 'yan sanda suna bi da karnuka. In suka kama ka, yau ɗin nan za a mayar da kai."

Na tuna da na'urar, na tuna da Dakta. Na tsuguna nan a tsakiyar mutane na buɗe jakar, na miƙa masa duk ƙullin da Maman Sadiya ta ɗaura mini. Ya ce ya san inda ake zubarwa ba tare da an tambayi mutum ba. Har godiya na yi masa. A cikin jirgin na zauna ina jiran karnuka, ba su zo ba. Da na ba Dakta labari ta ce, "Kilishin dai gaskiya doka ta hana, wannan ka yi sa'a. Amma kuka? Ganye ne fa, Malam! Mutumin ya yi maka wayo." A lokacin ban yarda ba, don ba na son in ɗora wa mutum abin da ban gani da idona ba.

An sama mini ɗaki tare da Awudu, Bahaushen Kumasi, direban bas ɗin gari. Ranar farko da zan fita aiki na bi ɗakin na kashe komai kamar yadda na saba, har da abin ɗumama ɗaki. Ya dawo ya tarar da wurin ya fi waje sanyi.

"Ɗan Najeriya," ya ce, "nan ba a ɗauke wuta, balle a dawo da ita da ƙarfi. Wa kake tsoro?"

Na ba shi haƙuri. Washegari na bar abin a kunne, amma duk yinin ina ganin ɗakin yana ci da wuta a zuciyata.

Mutanen garin ba su da faɗa, ba su kuma da gaisuwa. Rana tana fitowa a makare ta koma da wuri. Abin da na fi kewa, kuma ban zaci haka ba, shi ne ƙarar janareton maƙwabcina Baba Yohanna, wanda na sha yi masa ƙorafi a kai. A can shiru ne ya dame ni.

Ɗakin binciken yana ƙarƙashin ƙasa. Na'urar kamar dogon tulu take na ƙarfe, ta fi ni tsawo, bututai sun fito mata ta ko'ina. Dakta ta yi mini bayani, zan faɗa yadda na gane, in akwai kuskure nawa ne. Iskar nan da ake hura wa balan-balan ta bikin yara har ta tashi sama, sunanta hiliyom. In an sanyaya ta sosai takan zama ruwa. In an ƙara sanyayawa, har kusa da inda sanyi yake ƙarewa, sai ruwan ya canza hali, ya daina tirjewa da komai. In ka zuba a kofi sai ya hau bangon kofin ya zubo, in akwai tsagar da ido ba ya gani sai ya bi ta. Su kuma suna so su haska masa haske su ga yadda hasken yake tura shi, da yadda motsinsa yake canza hasken.

Na ce, "Dakta, haske yana tura abu?"

Ta ce yana turawa, kaɗan ƙwarai, shi ya sa kowane mazubi zai ɓata awon, don mazubin ma yana da nasa motsin da nasa ɗumin. Saboda haka ba sa zuba shi a komai. Wani maganaɗisu mai ƙarfi da ke cikin tulun shi ke riƙe ɗigo ɗaya a tsakiya, ba ya taɓa sama, ba ya taɓa ƙasa.

Ta nuna mini a allon kwamfuta. Ɗigo ne kamar ƙwayar gero, a rataye babu igiya. Wani siririn haske mai ƙarfi da suke kira leza yana shiga ta gefensa ya yi ta zagayawa a ciki. In ɗigon ya yi rawa, ya ɗan miƙe ya ɗan tsuke, sai hasken da ke fitowa ya canza, su kuma su karanta. A hankali yake ƙafewa har ya ƙare, a sake yin wani, kuma samun wanda zai natsu ba ƙaramar wahala ba ce.

Na ce, "Ikon Allah."

Ta ce, "Sosai. Amma kada ka jingina da teburin."

Babban makanikin dattijo ne mai suna Oto. Na riƙa kiransa Oga Oto, bai hana ba. Turancinsa ba mai yawa ba ne, nawa ma haka, saboda haka na fi gane shi a kan sauran. Aikin da zai koya mini shi ne wannan: maganaɗisun yana zaune ne cikin ruwan hiliyom, ruwan kuma kullum raguwa yake, sai a gunguro wani tulu a ƙara masa ta wani lanƙwasasshen bututu. In aka yi gaggawa a yi ɓarna, in aka bari ya ƙafe maganaɗisun ya yi ɗumi, komai ya watse. Da hannu ya koya mini. Ranar da na taɓa bututun ba safar hannu, fatar yatsana ta yi fari ta tashi kamar ƙunar wuta. Ya tsoma mini yatsan a ruwan ɗumi, bai yi faɗa ba. Da ya ga ina salla a ƙarƙashin matakala, ya share mini lungu a ɗakin ajiya, ya shimfiɗa kwali, ya tambaye ni ina ne gabas ɗina, ya matsar da wata kanta don kada ta tare ni.

Tun ranar farko ya nuna mini wani ƙaramin bawul a saman tulun, yana fitar da huci siii ba tsayawa. Ya ce wannan shi ne hancin tulun. Ruwan yana komawa iska a ciki, dole ta sami hanyar fita. Ba a rufewa. Na ce na gane, kuma na gane ɗin. Sai dai ni duk rayuwata in tukunya tana siii, to yoyo take yi. A layinmu na Jikwoyi tukunyar gas ta taɓa tashi da ɗakin girkin wata mata, ina cikin waɗanda suka kwashe langa-langar. Duk lokacin da na wuce ta gaban tulun sai yatsuna su motsa da kansu.

Ana cikin haka Awudu ya kai ni wani suna na 'yan Najeriya a bayan gari. An yi tuwo da miyar kuka. Na kai kwano ɗakin girki, sai na ga wata baƙar leda a kan tebur an ɗaure bakinta da tsumman atamfa, ɗauri biyu da hanci ɗaya. Mutum ɗaya na sani a duniya mai irin wannan ɗaurin: Maman Sadiya. Da na fito na ga Danjuma yana raba nama, ashe shi ke kawo wa jama'a kayan miya. Ya gane ni, bai ko ƙifta ido ba.

"A'a, ɗan'uwa! An zauna lafiya? Ƙara miya mana."

Na ƙara. Awudu ya so ya tashi ya yi magana da na raɗa masa, na riƙe masa riga, don suna ne na mutane. Rabona da in ƙoshi haka tun ina gida.

Abin da ya faru ya faru ne wata ranar Juma'a. Da safe na cika tulun, Oga Oto yana kallo, bai gyara mini komai ba, sannan ya tafi wurin likitan haƙori. Dakta ta sami ɗigon da ta ce ba ta taɓa samun mai natsuwarsa ba, ta bar na'urori suna ɗaukar awo ta hau sama wurin taro. Na rage ni kaɗai, ina shirin tafiya masallaci. Hucin ya fi na kullum ƙarfi, kuma ƙanƙara ta yi fari a bakin bawul ɗin. Daga baya aka gaya mini haka yake yi in an cika shi sabo. Na kai ƙofa na dawo. Na kira wayar Oga Oto, bai ɗauka ba. Na sake kaiwa ƙofa na sake dawowa. Na ce bari in ɗan rage shi kafin in dawo, ai ragewa ba rufewa ba ce. Amma hannuna bai san ragewa ba, murɗawa ya sani har ƙarshe. Ɗakin ya yi tsit. Ba zan ɓoye ba, tun da na shigo ƙasar ban ji hankalina ya kwanta kamar a hanyar masallacin nan ba.

Na dawo na tarar da motar kashe gobara a ƙofar ginin, mutane a tsaye a waje cikin sanyi, wasu ko rigar sanyi babu. Iskar ta taru a cikin tulun har wani bawul na ko-ta-kwana ya fashe da ƙara, farin hayaƙi ya cika ɗakin, ƙararrawa ta tashi. Babu wanda ya ji ciwo. Maganaɗisun ya tsira. Ɗigon Dakta ya tafi, da awonta.

Oga Oto ya fito daga ƙasa yana tambaya, ba kowa yake kallo ba, yadda aka yi hancin ya rufe. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji.

Dakta ta ja ni gefe.

"Malam Isiyaku, an faɗa maka ko ba a faɗa maka ba?"

"An faɗa mini, Dakta."

"Turancin ne bai shiga ba?"

"Ya shiga."

"To mene ne?"

"Yana siii ne, Dakta."

Can ta ce, "Ni na tsaya a gaban Daraktanmu a Sheda na ce kai. Ni da bakina." Ta juya ta koma ciki.

Bayan haka Oga Oto ya hana ni taɓa komai. Shara nake yi, da goge bututai waɗanda ba a haɗa da komai ba. Yana amsa gaisuwata, kwalin sallata yana nan, amma bai ce mini uffan a kan maganar ba. Na ji a bakin wani ɗalibi cewa mutanen ɗaya ƙasar sun sake aiko da tambaya a kan na'urar. Maman Sadiya ta ce a waya, "Abban Sadiya, to ka dawo mana, ai ba a kore ka daga Sheda ba." Na ce ba a kore ni ba, amma Dakta fa?

Da wata Juma'ar ta zagayo, bayan na dawo daga masallaci, ya miƙo mini safar hannu ya ce in cika tulun. Na cika. Hucin ya tashi da ƙarfi, ƙanƙara ta fito, ya tsaya yana kallona ina kallonta.

"Wajen zubawa ba ni da abin cewa a kan hannunka," in ji shi. "Amma a Abuja ba ni nan. Wanda ba zai iya barin na'ura ita kaɗai ba, shi zai kashe ta."

Ya ciro makullin ɗakin ya sa mini a tafin hannu.

"Ka tafi. Kada ka shiga ɗakin nan sai Litinin. Babu mai gadin da zai hana ka, makulli yana wurinka. Litinin zan tambaye ka, na kuma ga ba ka iya ƙarya ba. Abin da ka ce mini, da shi zan ba su amsa."

Na sa makullin a aljihu, na bar hannuwana duka biyu a cikin aljihun, na fita.

Ranar Asabar Awudu ya ce ba zai bar ni a ɗaki ba. Ya saka ni a bas ɗinsa. "Zauna nan bayana, inda zan riƙa ganinka a madubi." Haka na yini ina zagaya garin daga ƙarshen layi zuwa ƙarshen layi. Hanyar tana bi ta gaban jami'ar, duk lokacin da muka tsaya a nan sai ya ɗaga murya da Hausa, Turawa suna kallonsa: "Ɗan Najeriya, in ka motsa sai na taka ka da motar gwamnati!" Wata tsohuwa da ta ga na daɗe a zaune ta ba ni tuffa, ban san abin da ta zata ba.

Ranar Lahadi ba shi da aiki, barci ya yi. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Bayan azahar na ce bari in ɗan taka ƙafa, kuma na san inda ƙafar za ta. Ginin babu kowa. Ɗakin binciken yana da wata ƙaramar taga daidai da ƙasa, ta bayan ginin. Na durƙusa na kara kunnena a gilashin. Ban ji komai ba.

A nan ne abin ya juye mini. Da ina tsoron hucin ne, yanzu kuma rashinsa. In ba ya siii, ko na sake rufewa ban sani ba? Hannun da ya yi sau ɗaya, me zai hana shi ya sake? In haka ne, shigata ita ce za ta ceci na'urar. In ba haka ba ne, shigata ita ce za ta raba mu da ita. Na zagayo ƙofa, na ciro makullin, har na kai shi bakin ramin. Na tsaya ina bin Juma'ar nan a kaina daki-daki: na cire bututu, na cire safa, ya ba ni makulli, na sa hannu a aljihu. Na sake bi, na sake bi. Ban ga inda hannun ya fito daga aljihu ba. Hankalina bai kwanta ba duk da haka. Na zauna a kan dakalin ƙofar har na daina jin yatsun ƙafata, sannan na tashi na koma gida da tsoron a cikina yadda na zo da shi.

Litinin na tarar da Oga Oto da Dakta a ƙofar ɗakin, ba su buɗe ba. Ta cikin ƙofar ina jin siii. Na miƙa masa makullin.

"Ka zo?"

"Na zo. Jiya."

Dakta ta runtse ido.

"Ka shiga?" in ji Oga Oto.

"Ban shiga ba. Na kai makulli bakin ƙofa, amma ban zura ba. Na kuma kara kunne a taga, ban sani ba ko wannan ma yana cikin abin da ka hana."

"Me ka ji a tagar?"

"Ban ji komai ba."

"Ba a ji ta nan," ya ce. "Gilashin biyu ne. Na sha gwadawa."

Na dube shi.

"Ina cikin mota a ƙetaren titi, na gan ka. Ni ma ban taɓa iya yin Lahadi a gida ba. Matata ta gaji da magana." Ya buɗe ƙofar, ya leƙa saman tulun, ya gyaɗa kai. "Tsoron ba ya tafiya. Hannun kawai ake hanawa."

Dakta ta ce da Hausa, a hankali, "Me yake nufi? An ba mu ko ba a ba mu ba?"

Na ce ban sani ba, Dakta, kuma ba zan ce abin da ban ji ba.

Oga Oto ya buɗe durowa ya ɗauko tef ɗin awo, ya miƙo mini bakinsa, ya nuna mini ƙasan tulun.

"Riƙe nan. Kafinta yana so ya san tsawon akwatin da tulun zai tafi a ciki."